Sunan Momi a Rahoton Litinin

Ofishinmu yana Rayfield, cikin wani tsohon gida na zamanin Turawan kuza, mai jan kwano da murhun jin ɗumi a falo, wanda yanzu tsofaffin fayiloli ake tarawa a cikinsa. Ƙungiya ce mai aiki da manoman dankali da acca a ƙauyukan Filato. Ni ne mai kula da kwamfutoci da intanet, kuma a ganin ma'aikata duk abin da ake jona wa wuta nawa ne, har firjin kicin idan ya ƙi sanyi ni ake kira. Injiniya suke ce mini. Ina jin daɗin sunan fiye da yadda nake nunawa.

Lokacin da na fara aiki, duk bayanan ƙungiyar suna cikin wata babbar na'ura guda ɗaya a ƙaramin ɗaki kusa da kicin. Wata rana wani ya sauko da fim a kwamfutarsa, fim ɗin ya zo da ƙwayar cuta, ta bi waya ta shiga na'urar ta kulle komai. Sunayen manoma, hotunan gonaki, aikin shekara da shekaru, duk suka ƙi buɗuwa. Mun sha wuya kafin mu dawo da abin da ya dawo. Bayan wannan ne shugabanni suka amince da abin da na daɗe ina roƙo. Muka kwashe bayananmu muka kai manyan na'urorin wani kamfani na nesa, waɗanda ake shiga ta intanet, abin da 'yan sana'armu ke kira kilawud. Sannan muka sa manhajar tsaro a bakin intanet ɗin ofis, ta riƙa duba duk shafin da kowa zai buɗe, ta tare masu haɗari da na caca da na batsa.

Ni na kafa ta da hannuna. Na rataya babban allo a bangon ɗakina inda nake ganin lafiyar komai: kore lafiya lau, ruwan ɗorawa a duba, ja a tashi tsaye. Nakan zauna da kofin shayi ina kallonsa, ina jin duk gidan yana tafin hannuna.

Wata safiya Oga, wato manajan harkokin ma'aikata, ya shigo ya tsaya gaban allon yana gyaɗa kai.

"Injiniya, wannan abin naka zai iya gaya mini masu ɓata lokacin aiki?"

Na ce zai iya. Zai iya aika masa rahoto duk Litinin da safe, da sunan duk wanda ya nemi shafin da aka hana, da irin shafin.

"Ba ya kuskure?"

"Ba ya kuskure, Oga."

A wurin saitawa akwai zaɓi biyu: rahoton ya fara zuwa wurina in duba, ko ya wuce kai tsaye. Na zaɓi kai tsaye. So nake ya iske shi a imel ɗinsa tun kafin in iso daga gidana da ke Gangare, ya san aikina yana gudana ko ba na nan.

A ofishin akwai wata mata da kowa ke kira Momi. Ita ce mai kula da ƙungiyoyin mata manoma, 'yar asalin ƙauyukan kan dutse ce, ta kusa ritaya, mijinta ya rasu tuni. Shugabar zumuntar mata ce a cocinsu, kuma idan za a buɗe taro da addu'a ta ɓangaren Kirista ita ake duba. Kullum tana cikin rigar sanyi mai maɓallai a kan atamfa, ko rana ake ƙwallawa. Hausarta irin ta mutanen garinmu ce da suka koye ta a kasuwa da coci, komai namiji ne a bakinta. Takan leƙo ɗakina ta ce, "Ɗana, wannan kwamfuta ya sake ƙi fa." In je in tarar wayar wuta ce ta zare. Mu yi dariya.

Sa'ar mahaifiyata ce, kuma haka na ɗauke ta. Da na zo sabo muna salla a bayan janareta, mu 'yan tsirarun Musulmin ofis, cikin hayaƙi da ƙara. Ita ta je ta sami shugaba ta ce wannan bai dace ba, ta sa aka kwashe buhuna daga wani sito aka ba mu. Ba ta taɓa tuna mana da zancen ba.

Litinin ɗin da abin ya faru ba na ofis. Na tafi reshenmu na ƙauye, inda tsawa ta ƙona na'urar intanet, ban dawo ba sai washegari bayan azahar. Tun daga ƙofa na ji gidan ba daidai yake ba. Mutum biyu suna magana a kicin, da suka gan ni suka yi shiru, sannan ɗaya ya tuntsire da dariya. Wani abokin aikina, jami'in gona wanda muke yawan cin abinci tare, ya ja ni gefe.

"Injiniya, na'urarka ta kama babban kifi."

"Wa?"

"Ka canka." Bai jira na canka ba. "Momi! Shafukan banza. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ita ce a sama, ta wuce yaran nan duka."

Ashe Oga ya tura wa sakatariyarsa rahoton ta buga masa, ita kuma ta bar takardar a bakin firinta ta tafi amsa waya. Firintar a falo take, kowa nan yake bi. Kafin azahar ɗin Litinin babu wanda bai ji ba, har masu gadi.

Na ce ba zai yiwu ba. Ya ce ai ni na ce abin ba ya kuskure.

Na shiga ɗakina na rufe ƙofa. Na buɗe tarihin kwamfutarta, abin da ban taɓa yi wa kowa ba, don dai in gano ko wani ne yake amfani da ita a bayan idonta. Amma lokutan duk na hutun rana ne, lokacin da kowa ya fita cin abinci ita kuma takan ce ta zo da nata. Na danna shafi na farko.

Shafin asibiti ne. Yana bayanin yadda mace za ta duba ƙirjinta da hannu idan ta ji ƙullutu. Akwai zane, akwai hotuna. Na gaba yana maganar bambancin ƙullutu mai illa da marar illa. Na gaba, ciwon daji na nono, alamunsa. Na gaba, ko ana warkewa idan aka yanke. Manhajar ta ga kalmar, ta ga hotunan fata, ta jefa su a kwandon batsa ta tare. Ita kuma Momi idan aka tare ta sai ta sake gwadawa, ta canza kalma, ta sake, tana tsammanin intanet ne ke wasa. Duk gwaji ɗaya manhajar tana rubuta mata laifi ɗaya. Tambaya ta ƙarshe da ta rubuta, da Turancinta mai sauƙi, ita ce yadda uwa za ta gaya wa 'ya'yanta.

Na kashe allon. Na ji kamar na tura ƙofar banɗaki na tarar da mahaifiyata a ciki. Na kasa ɗaga kai duk da ni kaɗai ne a ɗakin. Na daɗe a zaune hannuna a kan baki.

Ban gama dawowa hayyacina ba sakatariya ta ƙwanƙwasa ta ce Oga yana kira.

Na iske shi yana rubuta takardar tuhuma. Ransa a ɓace yake da gaske, ba mugunta ba ce. Ya ce ya yi shekaru yana girmama matar nan, amma doka doka ce, watan jiya ya ja kunnen wani yaro a sashen sufuri kan irin wannan, ba zai yi wa babba shiru ba.

Na ce, "Oga, kuskure ne. Manhajar ce ta yi kuskure."

Ya cire tabarau. "Kai ka tsaya a gabana ka ce ba ta kuskure."

"Na faɗa. Ban faɗi daidai ba."

"To nuna mini shafukan."

"Ba zan iya ba, Oga."

"Ba za ka iya ba, ko ba ka so?"

Ya dube ni na ɗan lokaci, na ga abin da yake tunani: cewa ina rufa mata asiri ne saboda tana kirana ɗanta. Ya ce zai ajiye takardar zuwa taron ma'aikata na ranar Juma'a. Idan ban kawo masa hujja ba, zai miƙa ta, kuma zai tambayi shugaba ko mai tsaron da ke zaɓen wanda zai tsare ya cancanci kujerarsa.

Na fito na rasa inda zan sa kaina. Idan na nuna masa, na tona abin da ko 'ya'yanta ba su sani ba. Idan na yi shiru, sunanta ya ɓaci a gidan da ta yi rabin rayuwarta, kuma irin wannan zance ba ya tsayawa a ofis, sai ya kai coci. Ranar Laraba na wuni ina kauce mata. Da na hango rigar sanyinta a baranda sai in koma ɗaki. Ta leƙo da rana ta ce, "Ɗana, ba ka gaishe ni ba yau." Na miƙe na gaishe ta idona a kan takalmina, na ce aiki ne ya yi yawa.

Da yamma bayan magariba na gaya wa matata, ba tare da na ambaci ko wace ce ba, ko da yake ta gane. Na roƙe ta ta zo ofis ta yi mata maganar, mace da mace, don ni ban san da wane baki zan fara ba. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

"Wato ka gani, ka gaya mini, yanzu kuma in je in nuna mata cewa ni ma na sani? Mutum nawa kake so su shiga cikin rigar matar nan?"

Ta ci gaba:

"Kai za ka je. Ka gaya mata abin da ake faɗa da abin da ka gani. Abin da za a yi bayan nan nata ne, ba naka ba."

Ranar Alhamis da hantsi na same ta a bayan ofis, ƙarƙashin bishiyar fiya, tana zaune a kan benci tana ware irin dankali a faranti, mai tsiro gefe, ruɓaɓɓe gefe. Na durƙusa na gaishe ta kamar yadda nake gaida manya a gida, abin da ba na yi a ofis. Ta dube ni.

"Lafiya? Wani ya mutu?"

"Lafiya lau, Momi. Magana ce."

"To zauna mana."

Ban zauna ba. Na fara da manhajar, yadda take aiki, yadda take rarraba shafuka, yadda wani lokaci takan rikice. Na yi ta zagaye ina maganar na'ura. Ta bar ni na yi, hannunta bai daina aiki ba. Can ta ce, "Ɗana, ni ban san wannan abubuwa ba. Faɗa mini abin da ya kawo ka."

Na ce rahoto ya je wa Oga da sunanta, cewa tana buɗe shafukan da ba su dace ba. Na ce takardar ta kwana a firinta, mutane sun gani.

Hannunta ya tsaya. "Wane irin shafi?"

Na kasa faɗa. Ta sake tambaya. Na ce, "Na batsa, Momi."

Ta yi wata 'yar dariya marar sauti. "Shi ya sa. Tun Litinin yarinyar nan, sakatariya, ba ya iya duba fuskana. Na ɗauka wani abu na yi mata." Sai dariyar ta ɗauke, don ta kai inda nake tsoron ta kai. Ta ajiye farantin a kan benci a hankali. "Kai ka san ba shi ba ne."

"Na sani."

"Yaya ka sani?"

"Na buɗe."

"Ka ga duka?"

"Na gani."

Ta ja rigar sanyinta ta haɗe gabanta da hannu ɗaya. Wannan motsin bai bar ni ba har yau. Ba ta san ta yi ba. Na juya fuskata wajen katanga.

Ta yi magana ba tare da ta dube ni ba. Ta ce ta ji abin tun kafin damina. Ba ta je asibiti ba, tsoro take ji, ƙanwar mahaifiyarta da shi ta tafi. Ba ta duba a wayarta ba saboda autarta, wadda ke shirin jarrabawar ƙarshe a jami'a, kullum wayar tana hannunta. Sai ta ga ofis ne wurin da ba kowa, idan an fita cin abinci.

"Na ɗauka daga ni sai Allah," in ji ta. "Ashe kana ciki."

Na ce ta yafe mini. Na ce zan gaya wa Oga duk abin da ta ce in faɗa, ko in yi shiru in ɗauki abin da zai biyo baya.

"Wa ya ce wa na'uran ya kai sunana?"

Da na so, da na ce haka kamfanin ya ƙera ta. Ba za ta taɓa sani ba. Na ce, "Ni ne na saita ta haka."

"Ka gaya mana kana kallo?"

Mun aika sanarwa lokacin da muka kafa manhajar, doguwa, da Turancin da na kwafo daga littafin kamfanin. Ni kaina ban karanta ta har ƙarshe ba. Na ce, "Ban gaya muku yadda za ku gane ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗauki farantinta ta ɗora a cinya. "Je ka yi aikinka. Kar ka ce wa Oga komai."

Na tsaya kaɗan ko za ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba. Ba ta ce ɗana ba.

Ranar Juma'a da safe aka taru a falo kamar kullum, kujerun roba a jere, shugaba da Oga a gaba. Na zauna can baya kusa da taga. Aka zo buɗe taro da addu'a, ba wanda ya dubi Momi, aka ba wani. Aka yi maganar taki, aka yi maganar motar da ta lalace. Da shugaba ya tambaya ko akwai wani abu, ta miƙe.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta ji an ga sunanta a takarda. Ta ce abin da take nema a kwamfuta bayanin ciwo ne, don ta ji ƙullutu a nononta na hagu. Haka ta faɗi kalmar, a fili, a gaban maza da mata, kalmar da ni na kasa furtawa a gabanta. Ta ce ta so 'ya'yanta su fara ji, a lokacin da ta zaɓa, bayan yarinya ta gama jarrabawa. Jiya da yamma dole ta tara su ta gaya musu, don kada su ji wani labari daban a bakin coci. Yarinyar ta kwana tana kuka, kuma tana da jarrabawa ranar Litinin.

"Shi ke nan abin da zan faɗa. Wanda ya yi dariya, ya riga ya yi."

Ta zauna. Sakatariya ta rufe fuska da gyale ta fita da gudu. Abokina jami'in gona ya kafa ido a ƙasa. Oga ya miƙe ya ba ta haƙuri, ya ce wannan duk sharrin na'ura ne, na'ura ba ta da hankali.

Mutane suka fara gyaɗa kai, don kowa yana neman inda zai sauke abin. Oga ya ba ni ƙofar fita, kuma na ga sarai ya ba ni. Na miƙe. Na ce na'urar abin da aka saita ta take yi, ni na sa ta aika sunaye ba tare da mutum ya duba ba, ni kuma na ce ba ta kuskure. Na ga dai Momi ba ta waiwayo ba. Shugaba ya ce a rufe taro, ya kuma ce ta ɗauki hutu duk tsawon da take buƙata, motar ofis za ta kai ta asibiti.

A ranar, kafin in tafi masallaci, na kashe rahoton. Mako na gaba muka yi doguwar jayayya da Oga, don shi har lokacin yana ganin ba a gudanar da ma'aikata ba tare da sa ido ba. Muka tsaya a kan cewa manhajar za ta ci gaba da tare ƙwayoyin cuta da shafukan damfara, za ta bar shafukan lafiya su wuce, kuma ba sunan da zai fita daga ɗakina sai an ga haɗari na gaske ga bayananmu, shi ma sai da sa hannun shugaba. Na rubuta sabuwar sanarwa, gajeriya, da Hausa da Turanci, na bi tebur tebur ina karanta wa mutane: ga abin da ake iya gani idan ka hau intanet ɗin ofis, ga wanda ke iya gani, ga tsawon lokacin da ake ajiyewa. Wasu suka yi godiya. Wasu kuma daga ranar, idan na shigo ɗaki, sai hannunsu ya kai kan murfin kwamfuta. Ban ga laifinsu ba.

Yaron sashen sufuri da aka ja wa kunne a watan baya, na koma na duba nasa. Shi kam ƙwallo yake bi, wani shafin sakamakon wasa mai tallan caca a gefe. Na je na gaya wa Oga, ya cire takardar gargaɗin daga fayil ɗinsa. Da na gaya wa yaron sai ya ce ai ya faɗa tun lokacin, ba wanda ya saurare shi.

Likitoci suka tabbatar da ciwon, suka ce an zo da sauran lokaci. Aka yi mata aiki. Da labarin ya iso ofis, mutane suka fara wata magana da ta fi dariyar farko ci mini rai. Suna cewa ai Allah ne ya yi amfani da na'urar Injiniya, da ba don ita ba da Momi tana nan tana ɓoyewa har abin ya ci ƙarfinta. Har dafa kafaɗata ake yi. Na so in karɓi wannan magana, wallahi na so. Amma duk lokacin da na kusa karɓa sai in tuna ba ni da niyyar ceton kowa ranar da na yi saitin nan. So nake a yaba mini.

Bayan an sallame ta da 'yan makonni, muka je duba ta ni da matata, wata Asabar bayan azahar, a gidanta da ke Rikkos. Matata ta dafa farfesun kaza ta zuba a kula. Muka bi lungu muna tambaya har aka nuna mana ƙofa mai shuɗin fenti. Wata budurwa ta buɗe, doguwa, da idon uwarta. Na faɗi daga inda muke. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai ne na kwamfuta?"

Na ce ni ne.

Ta tsaya a bakin ƙofar kamar tana shawara da kanta. Daga ciki muka ji muryar Momi tana tambayar waye. Yarinyar ta matsa gefe, ba ta ce mu shigo ba, ba ta kuma hana ba.

Momi tana kan doguwar kujera an tokare ta da matasai, ta rame, kanta ɗaure da ɗankwali. Ta yi murna da ganin matata, ta kama hannunta ta zaunar da ita kusa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe kular ta shinshina ta ce yau za ta ci abinci. Ni na zauna a bakin wata kujera kusa da ƙofa. Ta tambaye ni ko an raba irin dankali a kan lokaci, ko matan wani ƙauye da take ji da su sun samu nasu. Na ba ta amsa. Ta ce in gaya wa wanda ke riƙe mata aiki kada ya yarda da shugaban ƙauyen nan, sai ya ƙirga matan da idonsa. Na ce zan faɗa.

Na zo da kalmomi a bakina, na shirya su tun a hanya. Duk lokacin da na buɗe baki sai ta jawo wani zance, na gona, na ruwan sama, na tsadar magani. A hankali na gane ba mantawa ta yi ba. Ba ta son a sake buɗe maganar a falonta, gaban 'yarta, kuma wannan ma nata ne ta zaɓa. Na haɗiye abin da na zo da shi.

Da aka kira sallar la'asar a masallacin unguwar, ta ce wa yarinyar ta zuba mini ruwa a buta ta nuna mini inda zan yi alwala. Yarinyar ta kawo ruwan, ta ajiye a bakin baranda. Ina wanke hannu na tambaye ta yaya jarrabawa. Ta ce ta faɗi darasi ɗaya, za ta sake shi baɗi. Ta faɗa ba tare da fushi ba, ta koma ciki.

Na idar da alwalar, na fita neman masallacin.